Yaushe ake sa fowil a tarakta, yaushe ake cire shi?

"Assalamu alaikum Masta. Ni ɗan kasuwar masara ne a Aboabo nan Kumasi, ina kuma da gona a wajen Ejura. Bara na sayi Massey Ferguson 385 mai ja da ƙafa huɗu. Direbana tun ranar da ya karɓe ta ya sa fowil bai ƙara cirewa ba, a gona da kan kwalta duka, ya ce ai kuɗin ƙafa huɗu na biya. Ƙanena kuma ya ce kada a taɓa libar fowil sai motar ta kafe a taɓo, don fowil yana shan mai. Yanzu shekara guda kacal tayoyin gaba sun cinye, na baya kuwa kamar yau aka sa su. Wa ke da gaskiya a cikinsu, kuma yaushe ya kamata a sa shi?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya sa a ci moriyarta lafiya. Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema: lokacin da ya dace a sa fowil, wato tayoyin gaba su ma su ja, da kuma abin da ya cinye maka taya cikin shekara guda. Na fi shekara ashirin ina aikin tarakta a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma wannan gardama ta direbanka da ƙanenka na sha jin ta a ƙofar shagona, wani lokaci har da ɗaga murya. Dukansu biyu sun kuskure, sai dai kuskuren direban ne ya riga ya nuna kansa a jikin taya. Na ƙanenka ba ya fitowa fili da wuri, a tankin mai yake ɓuya, wata rana kuma a kan gangara, inda ya fi muni.

Maganar a taƙaice ita ce fowil yana son ƙasar da taya za ta iya ɗan zamewa a kanta. Duk lokacin da motar ke jan abu mai nauyi a kan ƙasa, ka sa shi tun kafin a fara aikin. Duk lokacin da ta hau wuri mai tauri da ba ya sakin taya, kwalta ko siminti ko busasshen burji, ka cire shi. Akwai wuri ɗaya da wannan doka take karyewa, wato saukowa gangara da kaya a baya, kuma zan daɗe a kansa don a nan ne rai yake shiga.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin motar

Sai ka san yadda aka haɗa ta kafin dokar ta zauna maka. Tarakta irin taka tana da dif a aksul na baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, tana da wani a aksul na gaba. Aikin dif shi ne ya bar tayar hagu da ta dama su yi gudu daban-daban idan an sha kwana, tunda ta waje tafiyarta ta fi tsawo. Amma tsakanin gaba da baya babu dif ko ɗaya. Farfela, wato dogon ƙarfen nan mai juyawa, ita ce kawai ta taso daga cikin giya ta tafi gaba, kuma da ka ja liba ka ɗaure gaba da baya ɗauri guda, kamar bijimai biyu a karkiya ɗaya. Duk zagaye kaza da tayar baya ta yi, dole ta gaba ta yi nata adadin da kamfani ya yanka mata, ko ƙasa ta yarda ko ba ta yarda ba.

Kamfanoni kuma da gangan suke sa tayoyin gaba su ɗan riga na baya sauri, yawanci da kashi 1 zuwa 5 cikin 100. Dalilinsu mai kyau ne. Ana so gaba ya riƙa jan motar, kada baya ya riƙa tura shi, sitiyari kuma ya fi jin magana haka. A cikin gona wannan bambanci ba ya damun kowa, domin tayoyin baya da ma suna ɗan zamewa a ƙarƙashin nauyin garma, ƙasa ce take shanye saɓanin. A kan kwalta kuwa babu inda zai tafi. Farfela ta murɗe, haƙoran giya su matse juna, har sai tayar gaba ta ƙwace ta goge kanta a kan titi, sannan a sake daga farko, haka dai ba tsayawa.

Yi lissafin da kanka, Alhaji. A ce gaban motarka yana riga baya da kashi 3 cikin 100. A kowace kilomita ɗaya, tayoyin gaba suna son su yi mita 30 fiye da abin da motar ta tafi a zahiri. Daga Kumasi zuwa Ejura ta Mampong kusan kilomita 100 ne. Ke nan tafiya ɗaya da fowil a ciki daidai take da a ja tayoyin gabanka a goge su a kan kwalta tsawon kilomita 3. Ka ƙara da zirga-zirgar kullum daga gari zuwa gona, da kai masara kasuwa, in kuma direbanka yana cikin masu bin damina zuwa Arewacin Ghana bayan an gama huɗar Ejura, ka ƙara wannan doguwar hanyar ma. Ba ka bukatar wani boka ya faɗa maka inda tayarka ta tafi. Tayoyin gaba ne suke biya domin su ne ƙanana, nauyin da ke kansu bai kai na baya ba, su ne suke fara saki.

Ban cika ganin laifin direbobinmu ba a wannan. Galibinsu a kan tsofaffin Massey marasa jan gaba suka koyi aiki, irin su 135 da 165 da 188 da suka cika Ejura da Techiman, kuma ko da gwamnatin Ghana ta fara shirin AMSEC na cibiyoyin hayar tarakta a 2007 aka riƙa shigo da sababbin motoci, koyar da direbobi bai bi sawun motocin yadda ya kamata ba. Yaron da ya taso a kan motar da ba ta da wannan liba, ranar da aka ba shi mai ita, ko dai ya ji tsoronta ya ƙi taɓawa, ko ya ja ta sau ɗaya ya manta da ita.

A cikin gona

Nan ne ƙanenka ya yi kuskure. Huɗa da garma mai faranti uku, bugun haro, tayar da kunya, jan tirela cike da masara daga tsakiyar gona zuwa bakin hanya, duk waɗannan aikin fowil ne daga farko har ƙarshe, ko da ƙasar ba ta da alamar taɓo. Mutane suna ɗauka tunda ana juya ƙarin ƙarafa dole a ƙara shan mai. Gaskiya ne akwai ɗan ƙarfin da ke tafiya a juya farfela da aksul na gaba, amma bai kai ko kusa da abin da santsin taya ke ci ba. Duk zagayen da taya ta yi a banza ba tare da motar ta matsa ba, man da ka saya ne ya ƙone, kuma robar taya ce ta tafi.

Akwai gwajin da nake yi wa masu mota, kuma ba ya bukatar komai sai alli da igiyar awo. Wata shekara a farkon babbar damina na je wajen Sekyedumase duba motar wani dattijo da ke kukan cewa tana shan mai fiye da ta maƙwabcinsa, alhali iri ɗaya ce. Ƙasar wurin jigawa ce mai rairayi, an yi ruwa kwana biyu kafin nan, sama ta sha iska amma ƙasa da danshi. Na ja layi da alli a gefen tayar baya, na kafa tsinke inda layin ya taɓa ƙasa, na ce wa direba ya ɗaga garma ya tafi. Muka ƙirga zagaye 10, muka auna, mita 46. Muka dawo, ya sauke garma zurfin da ya saba, babu fowil, zagaye 10 suka ba mu mita 37. Wato kusan kashi 20 cikin 100 na juyin tayar a banza yake tafiya. Sai na ce ya ja liba. Giya ɗaya, totur ɗaya, zurfi ɗaya, muka samu mita 41 da rabi, santsi ya sauko kusan kashi 10. Dattijon nan da kansa ya riƙe bakin igiyar a karo na uku, ya tsaya yana duban tazarar da ke tsakanin tsinkayen biyu, mita huɗu da rabi a kowane zagaye goma, ya juya ya ce wa direbansa, "To ka gani da idonka." Tun daga ranar ba a sake gardamar ba a gidansa.

Ba a so santsin ya zama babu gaba ɗaya. Idan taya ba ta zamewa ko kaɗan a lokacin huɗa, alama ce motar ta yi nauyi fiye da aikin, kuma duk wani karo da garma ta yi da saiwa ko dutse kai tsaye zai wuce cikin giya. Abin da ake nema ga mota irin taka shi ne wajen kashi 8 zuwa 12 cikin 100 idan fowil na ciki, mara jan gaba kuwa 10 zuwa 15. Ko babu igiya, sawun taya yana faɗa maka. Idan ka duba bayan motar ka ga zanen taya ya fito amma ƙasar da ke tsakanin haƙoran ta ɗan karye ta matsa baya, daidai ne. Idan zanen ya goge gaba ɗaya ya zama kamar an share da tsintsiya, santsi ya yi yawa.

Sai batun nauyi, wanda da yawa ke mantawa. Tayar da babu nauyi a kanta ba ta ja, ko injin ya juya ta. Tsarin hannuwa uku na Ferguson da ake rataya garma a kai an yi shi ne don ya ɗora nauyin garma da turjiyar ƙasa a kan tayoyin baya, abin da ya sa tsofaffin motocin nan suke ja fiye da girmansu. Amma hakan yana sauƙaƙa gaba. Mota mai jan gaba tana son kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinta ya zauna a gaba, 60 a baya, saɓanin mara jan gaba da kashi 25 zuwa 30 ya ishe ta. Sau da yawa mota takan shigo Magazin an kwance ƙarafan nauyin da ke hancinta tun a tashar jirgin ruwa ko a hannun mai ita na farko. Idan taka haka take, nemo su ka mayar, in ba haka ba gaban zai riƙa tsalle-tsalle yana karce ƙasa, ka ga ka sa fowil amma ba ka ga amfaninsa ba.

Ayyukan da ba sa bukatarsa ba su da wuyar ganewa: feshi, zuba taki, yankan ciyawa a busasshiyar ƙasa, tafiya da garma a ɗage, da kuma lokacin da motar ke tsaye tana juya injin casar masara. Shuka a fili mai laushi ko mai ɗan karkata takan fi miƙewa da fowil, don haka wannan na bar wa idon direba. A wurin juyawa a ƙarshen kunya, idan ƙasar da laushi bar shi a ciki, ba sai an yi ta wasa da liba ba. Amma a cikin hunturu, lokacin da ƙasa ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, kwana mai tsanani da fowil yana faɗaɗa da'irar juyawa, yana kuma wahalar da kuros ɗin da ke cikin aksul na gaba, wato gaɓar da ke barin taya ta karya kwana tana ja. Direban da ya saba taka birkin ƙafa ɗaya don ya juya motar a wuri guda, ya rage wannan ɗabi'a idan gaba na ja.

Taɓo da fadama

Maganar cewa a jira sai mota ta kafe sannan a sa fowil ita ce ta fi ba ni takaici, don na ga abin da take jawowa. Lokacin da tayoyin baya suka riga suka haƙa rami cikin motar ya kusa taɓa ƙasa, aikin gama ya gama. A irin wannan hali direba yakan ja liba alhali tayoyin baya suna juyawa na gaba suna tsaye cik, ƙarfe mai gudu ya haɗu da ƙarfe mai tsayuwa, sai ka ji ƙara kamar an fasa dutse. Na fitar da haƙoran giya da hannuna daga cikin mai a kan wannan dalili ba sau ɗaya ba. Tun kana hango wurin da ruwa ya kwanta, tun ƙafafu huɗu suna kan ƙasa mai ƙarfi, a nan ake tsayawa a sa shi.

Kuma ka gaya wa direbanka fowil ba ya hana kafewa, sai ma ya kai mota can ciki inda mara jan gaba ba za ta isa ba, fitar da ita ya zama aikin yini guda. Da ya ji motar ta daina gaba tayoyi na juyawa, ya taka kuloci nan take, ya ɗaga garma, ya gwada baya a hankali ta sawun da ya shigo. Idan taya ɗaya ce ta baya take juyawa ɗayar na tsaye, wannan aikin dif-lok ne, fedar nan da ake takawa da dunduniya, kuma ita dabam ce da fowil. Ita tana ɗaure hagu da dama ne, ana taka ta kafin tayar ta ɗauki gudu, kuma ba a shan kwana tana ciki. In ta kai ga a jawo motar da wata, a ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa. Wanda ya ɗaura sarƙa a sama da aksul na baya, motar da ke jan tana iya miƙewa ta kifo ta baya a kan direbanta kafin ƙafarsa ta kai kan kuloci.

Masu shinkafa a kwari, irin na Nobewam a hanyar Accra, su kam fowil a ciki yake wuni, babu zaɓi. Abin da nake roƙonsu shi ne su riƙa duba man da ke cikin cibiyoyin tayoyin gaba. Ruwa da laka suna cin sil, wato robar da ke hana mai fita, kuma ciyawa ko igiyar buhu da ta naɗe a wurin tana yanka shi. Ka kwance noti ka tara ɗan man a murfin gwangwani. In ya fito garau ko ya ɗan yi duhu, lafiya. In ya fito fari-fari mai kauri launin koko, ruwa ya shiga, kuma boris da ƙananan giyoyin da ke ciki ba za su kai ƙarshen damina ba idan ba a canza sil da mai ba.

Kwalta, da gangara

A kan titi mai kyau, mota babu kaya ko da tirela a fili, cire fowil. Haka busasshiyar hanyar burji da manyan motoci suka daddaɓe. In ruwa ya sauka burjin ya yi santsi, ko hanyar ta zama rairayi, mayar da shi ka rage gudu.

Yanzu ga inda nake so ka saurare ni da kyau, Alhaji. Tarakta irin taka ba ta da birki a tayoyin gaba. Birkinta duka a aksul na baya yake. Idan fowil ba ya ciki, tayoyin gaba gangarawa kawai suke yi kamar na amalanke, kuma ko ka taka birki ko ka bar injin ya riƙe motar da ƙaramar giya, tayoyi biyu ne kaɗai suke riƙon komai. Da ka sa fowil, tunda farfela ta ɗaure gaba da baya, riƙon da aka yi wa baya yana isa gaba, ƙafa huɗu su dafe ƙasa tare. Wannan ne ya sa sababbin motoci da yawa, da ka taka fedojin birki biyu tare, suke sa jan gaba da kansu ko direba bai nema ba.

A kan gangara nauyin motar yana komawa gaba, tayoyin baya da ake dogaro da su su yi sauƙi, ga kuma tirela a baya cike da buhunan masara tana turowa, kuma mun san yawancin tirelolin da ake ƙerawa a nan ba su da birkin kansu. An taɓa kawo mini wata mota da kaka a bayan babbar mota, hancinta a karye. Direban yaro ne mai hankali, ya biyo ta da hannu a naɗe. Ya ce yana saukowa wata gangara zuwa rafi bayan yayyafi, ya taka birki, tayoyin baya suka tsaya cik suka fara sulɓi a kan jan burji, tirela ta turo ƙugun motar gefe ta naɗe ta. Na leƙa na ga libar fowil a cire. Na tambaye shi dalili, ya ce maigidansa ya hana shi sawa a hanya saboda taya. Maigidan bai yi ƙarya ba game da taya, amma ba a gaya wa yaron sauran maganar ba, kuma Allah ne ya yi da sauran kwanansa.

Don haka duk gangara mai tsanani da kaya a baya, ko burji ce ko kwalta, ko da irin saukowar dutsen Mampong ce zuwa Jamasi, a tsaya a sama tun kafin a fara sauka, a sa fowil, a haɗa fedojin birki biyu da sakatarsu, a zaɓi giyar da za a iya hawa wannan tudun da ita, a sauko da ita ba tare da taɓa kuloci ba. In an iso fili a cire. Robar da za ta goge a wannan ɗan taƙin ba abin lissafi ba ce. Amma kada wannan ya zama hujjar labta wa tirela kayan da ya ninka nauyin motar, domin ƙafa huɗu ma suna da iyakar abin da za su riƙe. Haka nan gona mai karkata da ake bi a gicciye, fowil yana taimakawa gaba kada ya zame ƙasa, amma ba ya hana mota faɗuwa ta gefe.

Wanda ya sa wa motarsa cebur na gaba don ɗibar yashi ko taki, shi ma hukuncinsa ke nan. Cikakken cebur yana ɗage baya, birki ya rasa abin kamawa. A rataya nauyi a baya, a sa fowil, a riƙe cebur ƙasa-ƙasa yayin tafiya.

Yadda ake sawa da cirewa

Idan taka mai liba ce, a sa ta motar na tsaye ko tana tafiya a hankali ƙwarai, sitiyari a miƙe, babu tayar da ke murzawa. In ta ƙi shiga, a ɗan matsa gaba kaɗan haƙora su daidaita. Cirewa ce takan yi gardama, musamman bayan an taka wuri mai tauri, saboda murɗewar nan da na ambata ta matse haƙoran. Na taɓa tarar da wani yaron mota ya sa bututun ƙarfe a libar yana dannawa da dukan ƙarfinsa. Na karɓe bututun, na ce direba ya sa ribas ya koma baya taku uku ko huɗu, libar ta fita da yatsa biyu. Wannan taurin kansa shaida ne cewa an yi tafiya da fowil inda bai kamata ba.

Motoci masu maɓalli a maimakon liba kuma, da yawansu an yi su ne yadda sifirin ke riƙe jan gaba a ciki, matsin mai ne yake cire shi. Ma'ana idan inji a kashe yake, ko waya ta tsinke, ko fiyus ya ƙone, motar tana cikin fowil ko maɓallin ya nuna an kashe. A tuna da wannan idan za a ja matacciyar mota a kan kwalta. Waɗanda ke da wurin "Auto" suna cire kansu idan gudu ya kai wajen kilomita 15 zuwa 20 a awa, gwargwadon kamfani, wasu har da lokacin da aka karya sitiyari sosai, kuma ga yawancin aikin gona wannan wurin ya wadatar.

Kafin ka sayi sababbin tayoyi

Daga nan inda nake ban ga motarka ba, don haka ba zan rantse cewa kwalta kaɗai ce ta ci tayoyin ba, ko da yake ita na fi zargi. Akwai abubuwan da ke sa gaba ya riga baya fiye da ƙima ko da direba ya kiyaye. Na farko girman taya. 385 mai jan gaba da Millat ke haɗawa a Pakistan takan zo da 12.4-24 a gaba da 18.4-30 a baya, kuma lissafin giyar an yi shi ne a kan wannan haɗin. Mutum yakan shigo Magazin ya tarar da hom-yus, wato gwanjon taya, mai araha wadda ta hau rim ɗinsa, ya saya, alhali tsayinta ya bambanta. Ko lambar ta zo ɗaya, tayar wani kamfani takan fi ta wani tsayi, kuma radiyal da mai zare na gargajiya ba sa tafiya daidai. Iska ma tana canza lissafin: gaba a cike tam, baya a sassauce, gaba zai ƙara riga. Ka duba littafin motar ko farantin da ke jikinta ka bi abin da suka rubuta, ka kuma sayi geji naka na kanka ka ajiye a akwatin motar.

Akasin haka ma matsala ce, kuma ita ce ke jiranka yanzu. Tayoyin gabanka sun cinye sun gajarce, na baya suna nan da tsayinsu, don haka mai yiwuwa gaban ya daina riga, baya ne ke tura shi. Alamarsa sitiyari ya yi nauyi da fowil, motar ta riƙa son miƙewa a kwana. Kada a ci gaba da huɗa a haka, domin giyar gaba ce take shan dukan.

Ranar da ka sa sababbi, ka sa su biyu tare, kamfani ɗaya, ka kuma yi wannan gwaji a fili mai tauri da ya miƙe. Ja layi da alli a tayar baya da ta gaba. Babu fowil, a tafi a hankali har tayar baya ta yi zagaye 10, wani yana ƙirga zagayen ta gaba, har da ɓurɓushin zagayen ƙarshe, wanda za ka iya ƙirgawa da haƙoran taya. A sake yi da fowil a ciki. Adadi na biyu ya kamata ya ɗara na farko kaɗan. In na farko ya ba ka 13, na biyu ya faɗo tsakanin 13.1 da 13.6 ko kusa da haka. In ya gaza na farko, ko ya wuce wannan da nisa, tayoyin ba su dace da juna ba, a mayar wa mai shago tun alli bai goge ba. Sannan a ɗaga gaban motar a jak a girgiza kowace taya a ji ko boris ko tayarod sun yi sako-sako, a auna ko bakin tayoyin biyu yana kallon juna daidai, don wannan ma yana cin taya ta gefe guda ko babu fowil.

In ka samu shigowa Suame da ita, ka zo da direban da kansa, kuma kada ka jefar da tsofaffin tayoyin kafin na gan su. Yadda haƙoran suka cinye, ko a tsakiya ne, ko ta gefe ɗaya, ko kowane haƙori ya yi kaifi ta fuska guda, shi zai nuna mana ko kwalta ce, ko iska, ko sitiyari.